Kafin ka ce "Ubangiji ne ya ce"

'Yan'uwa cikin Kristi, salama a gare ku. Ga shawara ga wanda ke tsaka mai wuya, ko maganar aure ce, ko sayar da gonar gado a Ɓilliri ko Kaltungo don kama kasuwanci a cikin Gombe.

Kada ka yanke hukunci a zuciyarka sannan ka kawo wa Allah ya sa hannu. Ɗauki takarda ka rubuta abin da kake tambaya ƙarara, da abin da kake tsoro, ka keɓe kwanaki na addu'a, da azumi in lafiyarka ta yarda. Ikilisiyar Antakiya tana cikin sujada da azumi Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu, a Ayyukan Manzanni 13.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Karanta Joshuwa 9:14. Mutanen Gibeyon sun zo da tsummoki da busasshen abinci, shugabannin Isra'ila suka duba da ido, suka ƙulla alkawari ba su tambayi Ubangiji ba. Haka dillali zai ce maka yau ne kawai, gobe wani ya ɗauka. Ce masa zai ji daga gare ka bayan Lahadi.

Mafarki ko annabcin da wani ya kawo maka, gwada shi da Littafi Mai Tsarki tukuna. Sannan ka kai maganar gaban fasto ko dattijon da ba ya jin nauyin ce maka a'a. 'Yan'uwa mata, akwai iyaye irin waɗannan a Zumuntar Mata. Mai aure kuma, matarka ta fara ji kafin kowa.