Yadda ake haɗa ɗakin sauna mai infirared a gida

Sauna ɗan ƙaramin ɗaki ne na katako da mutum ke shiga ya zauna zafi ya ratsa shi har yayi gumi sharkaf. Asali al'adar mutanen Finland ce, ƙasar da jama'arta basu kai miliyan 6 ba amma suna da sauna wajen miliyan 3, har UNESCO ta saka abin cikin al'adun gado na duniya a 2020. Tasu ta gargajiya murhu ne da duwatsu, ana watsa ma duwatsun ruwa tururi ya tashi, zafin ɗakin ya kai digiri 80 zuwa 100. Ita ta infirared ba haka take ba, babu murhu babu tururi, wani haske ne da ido baya gani yake fitowa daga hita ya sauka a fatarka kai tsaye, kamar dai hantsi a lokacin hunturu, iska na da sanyi amma bayanka da rana ke duka ya ɗumame. Shi yasa digiri 45 zuwa 60 ya ishe ta, kuma shi yasa ta fi sauƙin haɗawa a gida.

Na san wani zai ce mu da muke fama da zafin Afrilu a Sakkwato da Maiduguri ina mu ina ɗakin zafi. Toh gaskiya ne, a bazara ba wanda zai neme ta. Amma in sanyi ya kankama, ko kana Jos, ko kana motsa jiki kana dawowa gaɓoɓi duk sun yi tsami, nan zaka ga amfaninta.

Mataki na farko, duba wutarka kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya

Nan ne aikin ke tsayawa ko ya tafi. Sauna mai ɗaukar mutum ɗaya zuwa biyu tana cin wat 1,200 zuwa 2,000. Mu ɗauki 1,800, a kan bolt 230 irin na Najeriya kusan amfiya 8 kenan, in ka kunna ta awa ɗaya mita zata cinye yunit 1.8, kaga ba wani abin tashin hankali bane. Matsalar ita ce ƙarfin wutar. Hita bata yin haƙuri da raunin wuta, in wuta ta sauko zuwa 180 zafin da zaka samu kamar kashi 60 cikin 100 ne kawai, sai kayi ta zama kana jiran gumin da ba zai zo ba kana zagin wanda ya sayar maka da kaya alhali laifin layin unguwarku ne. Ka sa mai wayarin ya auna maka da yamma lokacin da kowa ya kunna kayansa, ba da tsakar dare ba.

In janareto zaka dogara dashi, ƙaramin nan na shago ba zai ɗauka ba, nemi mai 3kVA zuwa sama, kuma ka ajiye shi nesa da ɗakin don hayaƙinsa yana kisa shiru. Inbata da batir kuwa sai in naka babba ne sosai, in ba haka ba zata zuƙe maka batir nan da nan.

Ka ja mata layinta ita kaɗai tun daga allon wutar gida, wayar tagulla wadda masu wayarin ke kira 2.5mm, bireka mai amfiya 16, da na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, mai miliamfiya 30, da wayar ƙasa ta gaske wadda aka binne ƙarfenta. Mutum ne zai zauna jiƙe da gumi ba riga a tsakiyar kayan lantarki, wannan ba wajen tsumulmula bane. Kuma in oda zaka yi daga waje ka duba da kyau, kayan Amurka yawanci na bolt 120 ne, kana jona su a wutarmu sun ƙone. Nemi mai 220 zuwa 240.

Na biyu, wuri da girma

Ni shawarata a nan ɗaya ce, ka ƙanƙanta ta. Mutane na son ayi ɗaki babba don burga, sai kuma hita ta kasa, domin shi wannan haske yana rage ƙarfi da zarar kayi nesa dashi. Mita 1.2 faɗi, 1.2 tsawo, tsayin sama 1.9 zuwa 2, ya ishi mutum biyu. In kai kaɗai ne mita 1 ta kowane ɓangare ma ya wadatar. Nemi lungu busasshe mai daɓen siminti ko tayil, inda ruwan sama baya bugowa, kusa da banɗaki in da hali amma ba cikinsa ba. Ka zana awon a ƙasa da alli, ka ɗauko kujera ka zauna a ciki ka miƙe ƙafa ka gani tukuna.

Na uku, wace irin hita

Kala uku ne a kasuwa. Akwai allon kabon, baƙi ne siriri mai faɗi, zafinsa a hankali yake bazuwa ko'ina, shi ya fi daɗin zama kuma shi nafi so a bayan mutum. Akwai ta tangaran mai kamar sanda, tana saurin ɗaukar zafi amma waje guda take duka, in ka matso da yawa sai kaji tana gasa ka. Sai na uku, jan ƙwan fitila mai wat 250, irin wanda masu kiwon kaji ke ɗumama 'yan tsaki dashi. Wannan shi ne mafi arha kuma mafi sauƙin samu, guda 4 sun baka wat 1,000. In shi zaka yi, mazaunin ƙwan dole ya zama na tangaran don na roba narkewa yake, ka sa masa raga a gaba, ka bar tazarar santimita 50 zuwa 60 tsakaninsa da jikinka, kada ruwa ko gumi ya fantsama masa yana da zafi don fashewa yake, kada kuma ka riƙa ƙura masa ido. Ka guji ƙwan da aka lulluɓe da leda mai hana tarwatsewa, in yayi zafi yana fitar da iska mai cutarwa.

Ko wacce ka zaɓa ka haɗa da akwatin sarrafawa mai auna zafi da agogon kashe kansa. Mutum na iya gyangyaɗi a ciki.

Na huɗu, katako

A Turai da Amurka katakon itatuwan sida da hemlok da aspen suke amfani dasu, amma abin da da yawa basu sani ba, katakon da ake ji dashi wajen benci a saunar Turawa daga nan Afirka ta Yamma ake kai musu shi. Obeche ne, wanda a Ghana ake kira wawa, a Kamaru ayus. Fari ne mara nauyi, baya tsatso ƙaro, baya tsaga ya soki mutum, kuma baya ɗaukar zafi yadda zai ƙona cinya. Kaga kenan ba sai kayi oda ba, kasuwar 'yan katako zaka je. Sai dai ka tabbatar ya bushe sosai, ɗanye in yasha zafi sai ya lanƙwashe ya buɗe baki a mahaɗa. Rauninsa gara da ƙwari, don haka kada ya zauna kan ƙasa mai danshi, a ɗaga firam ɗin kaɗan a kan tayil.

Abin da ba'a sawa a ciki: filawud da allon garin katako don gam ɗinsu na tashi in yaji zafi, silin roba, soso, fenti, banish, da duk katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai. Ka faɗa wa kafinta wannan tun farko ka kuma maimaita, don hannunsu ya saba, kana juya baya ya shafe maka shi da banish yana ganin gwaninta yayi. Sanfefa kawai za'a bi dashi yayi sumul.

Na biyar, haɗawa

A kafa firam da tubaitu ko tubaitiri, tazarar santimita 40 zuwa 60 tsakanin sanduna, amma a duba faɗin allunan hita tukuna don kowanne ya samu inda zai kama. Mai wayarin ya shigo yanzu kafin a rufe bango, ya bi da waya mai jure zafi zuwa inda kowace hita zata zauna, akwatin sarrafawa kuma a ɗora shi a saman rufin daga waje inda ba zafi. A cusa audugar gilashi ko ta dutse tsakanin sandunan, musamman a rufi don ta nan zafi ke gudu, mai yi ya sa safar hannu da takunkumi don tana ƙaiƙayi. A bi da takardar alminiyom mai ƙyalli a rufe, ɓangaren ƙyallin na kallon ciki, a kula kada ta taɓa waya tsirara. Sai a buga siraran katakai a kai don a samu ɗan fili kamar santimita 2, sannan a jera falankin obeche. Duk kan ƙusa ko sukuru a nutsar dashi ciki ko a ɗaure ta baya, ƙarfe in yayi zafi ya taɓa fata ba'a mantawa.

Jera hita shi ne inda ake gane wanda ya fahimci abin. Tunda jiki take ɗumamawa ba iska ba, sai ta kalli jiki. Mafi girma a bayan mai zama daga benci zuwa kafaɗa, ɗaya a kowane gefe, ƙarama a ƙasan benci ta wajen sharaɓa, in da saura a gaba gefen ƙofa. Wadda aka kafa sama da kai asarar wuta ce. Kowacce a yi mata shinge na siraran katako yadda baya ba zai jingina da ita ba. Ma'aunin zafi kuma a sama kusa da rufi, ba a gaban hita ba, in ba haka ba zai riƙa kashe ta tun ɗakin bai ɗauka ba.

Benci tsayin santimita 45, zurfi 50, da 'yar tazara tsakanin falankai. Ƙofa waje take buɗewa, babu sakata babu kwaɗo, turawa kawai, saboda in jiri ya ɗebi mutum ya faɗa kanta ta buɗe. In gilashi kake so a jiki sai mai tauri irin wanda aka gasa, milimita 8, ba na taga ba. A bar 'yar kafar iska a ƙasa, wata a sama mai marfi.

Na ƙarshe, gwaji da shiga

Ka kunna ta ba kowa a ciki kamar awa ɗaya ƙofa a ɗan buɗe, sau biyu ko uku, warin sabon abu ya fita. Mai wayarin ya taɓa waya da bireka yaji ko suna zafi, ya danna maɓallin gwaji na na'urar yanke wuta ya ga ta faɗi. In kaji ƙaurin roba a kashe a bincika.

Ranar farko minti 10 zuwa 15 a digiri 45 ya isa, a hankali ka kai 20 ko 30. Sha ruwa kafin ka shiga da bayan ka fito, kada ka shiga da azumi a bakinka, kana jin jiri ko bugun zuciya ka fito. Mai ciki, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai shan maganin hawan jini, su tambayi likita tukuna, yara kuma ba su kaɗai ba. Masu talla zasu ce maka tana fitar da guba tana narkar da teɓa, nauyin da ya ragu a sikeli ruwa ne, kana sha ya dawo. Babban binciken da ake yawan kafa hujja dashi, wanda aka wallafa a 2015 kan maza 2,315 a yankin Kuopio na Finland, ya ga masu yawan shiga sauna sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya, amma a saunar gargajiya aka yi shi ba ta infirared ba.

Ka riƙa shimfiɗa tawul a benci da ƙasan ƙafa don gumi na ɓata farin katako, in ka gama ka bar ƙofa a buɗe ta sha iska, tabo kuma tsumma mai ɗan laima ko sanfefa ya ishe shi, kada a sheƙa ruwa a ciki.