Babi na Huɗu: Hawan Keke a Cikin Gari

Wannan babi na wanda ya riga ya iya tuƙa keke a fili ne, amma da an ce ya hau titi sai gabansa ya faɗi. Ba kai kaɗai ba ne. Na koyar da masu jikoki waɗanda hannunsu ke rawa a ranar farko, yau kuma da keke suke zuwa wurin aiki. Ka karanta a hankali. Idan karatunka bai yi ƙarfi ba tukuna, ɗora yatsa a ƙarƙashin layi, ka bi kalma bayan kalma. Duk inda na ce "ka", har da ke nake, 'yar uwa.

Darasi na 1: Duba keke kafin ka hau

Abu uku za ka duba: taya, birki da sirdi.

Taya. Danna ta da babban yatsa. Idan ta lotsa, iska ta yi kaɗan, sai ka sa famfo. Taya mai laushi tana gajiyar da mutum, kuma ita ce ke saurin yin faci.

Birki. Keke yana da birki biyu, na gaba da na baya. Kada ka ɗauka ka san hannun da ke riƙe da na gaba, domin kekuna sun bambanta. Tsaya a gefen keken, tura shi gaba, matse hannun dama. Wace taya ce ta tsaya? Sake turawa, matse hannun hagu. Yanzu ka sani. In za ka tsaya a hanya, matse su biyun tare, a hankali. Wanda ya damƙe birkin gaba shi kaɗai da ƙarfi, keken yana iya wuntsila shi ta sama.

Sirdi, wato wurin zama. Hau, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe, tsayin ya yi daidai. Sabon shiga yana iya sauke sirdin kaɗan don ƙafarsa ta riƙa taɓa ƙasa. Babu kunya a wannan.

Darasi na 2: Waiwaye

A nan za mu daɗe, domin a nan kusan kowa yake tuntuɓe.

Mai mota yana da madubi uku. Kai wuyanka ne madubinka. Kafin ka bar layin da kake bi, ko da taku ɗaya ne, sai ka waiwaya ka ga abin da ke bayanka. Za ka kauce wa rami? Waiwaya. Za ka wuce motar da aka ajiye? Waiwaya. Za ka sha kwana? Waiwaya. Za ka tashi daga inda ka tsaya? Shi ma waiwaya.

Ta wane gefe? Ta gefen da motoci suke wuce ka. A ƙasar da ake tuƙi ta hannun dama, motoci ta hagunka suke wucewa, saboda haka ta kafaɗar hagu za ka duba. A ƙasar da ake bin hagu, kamar Ingila da Indiya, ta kafaɗar dama ne.

Ga matsalar da nake gani kullum. Ɗalibi yana juya kai, sai kafaɗa ta bi kan, hannu ya bi kafaɗa, kan keke ya bi hannu. Kafin ya ankara ya shiga tsakiyar titi, wurin da yake gudu tun farko. Daga nan sai tsoro ya kama shi, ya daina waiwaye gaba ɗaya, ya koma dogara da kunne. Kunne ba ya wadatarwa. Keken da ke bayanka ba ya ƙara, motar lantarki ma ƙararta kaɗan ce, iska kuma tana toshe ji.

Maganin shi ne gwaji a fili, inda babu mota. Ja dogon layi a ƙasa. Nemi wani ya tsaya a bayanka. Hau keke ka bi layin. Idan ya kira ka, zai ɗaga yatsunsa, kai kuma ka waiwaya ka faɗi ko nawa ne. Ba leƙe ba, ka gani sosai har ka ƙirga. Sannan ka dawo da idonka gaba, ka duba ko kana kan layin.

A karon farko za ka sauka daga layin. Kowa yana sauka. Sassauta riƙon da ka yi wa kan keke, ka bar gwiwar hannunka a lanƙwashe, kada ka sandare. Haɓarka ce za ta je wajen kafaɗa, ba jikinka duka ba. Kada ka daina taka feda, domin keken da ke tafiya ya fi wanda ya kusa tsayawa daidaituwa. Yi sau goma. Huta. Sake yin goma. Gobe ma haka. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan wannan ya zauna, sai mu haɗa shi da alamar hannu. Matakai huɗu ne, kuma a jere suke:

Na ɗaya, waiwaya.
Na biyu, miƙa hannu zuwa gefen da za ka nufa.
Na uku, mayar da hannu kan keke, ka sake waiwaya.
Na huɗu, in hanya ta buɗe, karkata.

Ka lura waiwaye sau biyu ya fito. Ba kuskuren rubutu ba ne. Tsakanin dubawar farko da ta biyu, babur yana iya isowa. Miƙa hannu kuma roƙo ne, ba umarni ba. Ka ɗaga hannu ba yana nufin direba ya gan ka ba, balle ya ba ka hanya.

Faɗi matakan da baki yanzu, kafin ka ci gaba da karatu: waiwaya, hannu, waiwaya, karkata. Sake faɗa.

Darasi na 3: Ina za ka bi a titi?

Bi hannun da motoci suke bi. Kada ka tunkare su gaba da gaba kana cewa don ka riƙa ganin su. Direban da zai fito daga lungu ba ya tsammanin kowa daga wannan ɓangaren.

Kada ka manne wa bakin titi. A can ne kwalabe, yashi da ramuka suke taruwa, kuma idan ka rakuɓe, direba zai ga kamar akwai wurin da zai matse ka ya wuce. Bar tazarar kamar tsawon hannu tsakaninka da bakin titi. Motar da aka ajiye kuwa, ba ta tazarar faɗin ƙofarta, wajen mita ɗaya, don ana iya buɗe ƙofa ba zato. Kafin ka fito don ka ba ta wannan tazarar, me za ka yi? Waiwaya.

Babbar mota da tirela, ka ji tsoron su. Kada ka kuskura ka shiga tsakaninsu da bakin titi a kusa da kwana. Idan doguwar mota tana juyawa, tayoyin bayanta suna yanko kwanar fiye da na gaba, kuma akwai wurare a gefenta da direban ba ya iya gani. In ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, to shi ma ba ya ganin ka. Tsaya a baya, bar ta ta tafi.

Bari in faɗi wata magana, ko da ba za ta yi daɗi ba. Akwai ɗaliban da suke yin waiwaye tsaf a fili ina kallo, amma da na bi su a titi sai in ga sun yi kwana uku ba su juya kai ko sau ɗaya ba. In na tambaya, sai a ce mini "ai na ji babu mota". Wannan ba hujja ba ce. Ku manya ne, akwai masu jiran ku a gida. Na gaji da jin wannan amsa. Danja ta nuna ja, wasu kuma su zarce wai su ba mota ba ne. Dokar hanya ta hau kan mai keke kamar yadda ta hau kan kowa. Wanda bai iya waiwaye ba tukuna ya koma Darasi na 2, kada ya hau titi.

Darasi na 4: Garuruwan da suka ba keke hanya

Ba duk laifin na mai keke ba ne. Yadda aka tsara titi yana da nasa kason. A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, amma ba haka kawai abin ya faɗo ba. A shekarar 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hatsarin hanya a ƙasar, cikinsu har da yara sama da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, sai ga ƙarancin man fetur na 1973, hukumomi suka shiga gina wa keke hanyarsa daban da ta mota. A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun daga 1974 aka fara rufe wasu manyan tituna ga motoci don masu keke, kuma har yau ana yi kowace Lahadi. Birnin Paris ya mayar da iyakar gudu kilomita 30 a awa a yawancin titunansa a 2021.

Idan akwai hanyar keke a inda kake, bi ta. Amma inda ta ƙare ta haɗe da titin mota, ka san abin yi.

Darasi na 5: Amfaninsa ga jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Minti 30 ke nan a rana, kwana biyar. Zuwa aiki da dawowa a keke yana iya cika wannan. Yana ƙarfafa zuciya da huhu, yana taimakawa wajen yaƙi da hawan jini, ciwon suga da ƙiba. Ya fi gudu sauƙi ga gwiwa, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyinka. Yi tafiyar da za ka iya magana a cikinta ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Mai ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Darasi na 6: Dare da ruwan sama

Farar fitila a gaba, ja a baya. Sa tufafi masu haske. Idan titi ya jiƙe birki ba ya saurin kamawa, sai ka fara matsawa da wuri. Sa hular kwano, ka ɗaure igiyarta.

Darasi na 7: Ajiye keke

Kulle jikin keken da ƙarfen da ba ya motsi, ba taya kaɗai ba.

Aikin gida: rubuta matakai huɗu na Darasi na 2 a littafinka sau biyar, ka zo da shi.