Yadda ake gane tsohon katin besbol da aka datse, ko da yana cikin roba

Toh masu sha'awar tara tsofaffin katunan 'yan wasan besbol na Amurka, ku sani cewa ganin kati a rufe cikin robar PSA ko SGC, kamfanonin da ke tantance kati su ba shi maki, da maki a samansa bai isa ka saki jiki ba. Katin ɗan wasa Honus Wagner na jerin tsofaffin katunan da ake kira T206, wanda Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991, shi ne na farko da PSA ta ba maki, ta ba shi 8 cikin 10, har aka zo aka sayar da shi dala miliyan 2.8 a 2007, sai ga shi a 2013 dillalin nan Bill Mastro ya amsa a kotu cewa shi da hannunsa ya datse masa gefe. In har wannan ya wuce, to wanne ne ba zai iya wucewa ba?

Da farko ka san awon da katin ya kamata ya zo da shi, don kowane zamani da nasa. T206 da ake sakawa cikin kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911 faɗinsa inci 1 7/16 ne, tsawo 2 5/8. Na kamfanin Goudey na 1933 kuwa 2 3/8 da 2 7/8. Na kamfanin Topps na 1952, jerin da katin Mickey Mantle ɗin da aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022 yake ciki, babba ne, 2 5/8 da 3 3/4, sai a 1957 Topps ta koma 2 1/2 da 3 1/2 da aka saba gani yau.

Na biyu ka auna, amma don Allah kar ka yanke hukunci da rula kaɗai, nan ne mutane da yawa ke zaluntar katin kirki. Injinan yankan wancan lokaci ba su da daidaito, ana tara takardu ne a danna musu wuƙa, wani ya fito da ɗan ƙari wani da ɗan ragi, kuma duk na asali ne. T206 masu tambarin sigarin American Beauty a baya ma an san su da siranta tun daga masana'anta. Shi ya sa PSA ta raba abin biyu, akwai N1 wato alamar datsa, akwai N6 wato bai kai awo ba amma ba a ce an taɓa shi ba. Sannan abin takaicin, kati zai iya cika awo cif alhali an datse shi, saboda masu wannan sana'a suna neman wanda ya fito da ƙari ne su aske shi ya dawo daidai, wasu ma matse shi suke ya ɗan buɗe kafin su yanka.

Na uku, kuma a ganina nan aikin yake, gefen katin. Samu gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na masu duba zinariya, ka karkata robar a gaban haske ka bi gefunan guda huɗu ɗaya bayan ɗaya. Gefen da ya shekara ɗari yana da launin tsufa, ya ɗan yi ruwan ƙasa, da 'yan zaruruwan takarda a tsaye, kuma duk huɗun suna kama da juna. Wanda reza ta bi sai ka gan shi fari tas, sumul, wani lokaci da ɗan lanƙwasa ko kusurwa ta ɗan yi tsini waje kamar kunne. In fuskar kati ta sha jiki, ga ƙarce ga datti, amma kusurwoyi na sheƙi da kaifi, ka tsaya ka yi tunani.

Na huɗu, shin katin ma na gaske ne? A T206 rubutun sunan ɗan wasa da layin da ya kewaye hoton a dunƙule suke, in ka ga sun tarwatse sun zama ɗigo-ɗigo to sabon bugu ne. Fitilar nan da ake duba jabun kuɗi ma tana taimakawa idan katin a waje yake, takardar zamani na ƙyalli da shuɗi, tsohuwa ba ta yi.

Na biyar robar kanta. Shigar da lambar da ke jikin takardar makin da ke saman robar a shafin kamfanin, ka tabbatar suna da shekara da maki sun dace, in akwai hoto ka gwada tabo da tabo. Duba bakin robar, idan ya yi fari-fari kamar an ɓalle an sake mannawa, bar shi. Ka kuma nemi tsofaffin hotunan gwanjo, da irin wannan gwadin ne masu tarawa suka tona katuna da yawa da aka datse a 2019.

Wasu katunan dama da almakashi aka yanke su, kamar na bayan kwalin abincin karin kumallo na Post na farkon shekarun 1960, waɗannan ka duba ko layin iyakarsu na nan. In kuma takardar saman robar ta ce Authentic kawai babu maki, katin na gaske ne amma mai yiwuwa an taɓa shi, sai ka taya shi a farashin wanda aka taɓa.