Yadda Ake Ba Kafofin Sadarwa Sunaye Masu Ɗorewa a Linux

Duk mai kula da kwamfutoci a cibiyar jarrabawa ko shagon intanet a Birnin Kebbi, Jega ko Argungu ya san cewa yawancin na'urorinmu na hannu ne, kuma da wuya ɗaya ta shekara ba a kwance ta ba. Tsawar damina takan bi waya ta ƙona katin sadarwa, ƙurar hunturu kuma takan sa a zare shi a goge a mayar, wani lokaci a ramin da ba nasa ba. Na taɓa ɓata rabin yini a wata cibiya a nan Birnin Kebbi saboda haka: an ƙara kati ɗaya a kwamfutar da ke raba intanet ga ɗaki, sai kafar sadarwa (inda ake cusa wayar intanet) da ake kira enp2s0 ta wayi gari da suna enp3s0, alhali duk saitin da aka rubuta yana neman tsohon sunan. Waya lafiya, kati lafiya, amma ɗaki ya mutu. Tun daga ranar nake ba kowace kafa suna da hannuna.

Sai an fahimci inda sunayen suka fito kafin a taɓa su. A da Linux yana kiran kafofi eth0, eth1 da wlan0 bisa wadda ya fara gani lokacin tashi, kuma a na'ura mai kati biyu ba tabbas wanne zai riga wani, don haka sunayen kan yi musaya. Daga fitowa ta 197 ta systemd, manhajar da ke tayar da Linux tana kula da ayyukansa, a 2013 aka koma ba da suna bisa mazaunin kati a jikin na'ura, Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, kuma ta ɗauki tsarin a fitowarta ta 9 a 2017. Haruffa biyun farko suna faɗin nau'i: en na waya ne, wl na Wi-Fi. Abin da ya biyo baya shi ne wuri. eno1 kafa ce da aka ƙera tare da babban allon kwamfuta, enp2s0 na nufin layin PCI (hanyar da kati ke haɗuwa da babban allo) na 2, gurbi na 0, enx mai doguwar jela kuwa lambar MAC ce, wato lambar shaida da kowane kati ke zuwa da ita, aka manna masa, kuma galibi katin USB ne ke samun irinsa. Tsarin ya fi na da, sai dai lambar layin PCI takan matsa idan an ƙara wani kati, ko da ba na sadarwa ba ne, kuma abin da ya same ni ke nan.

Matakin farko shi ne sanin wace kafa ce wace. A buɗe tagar umarni a rubuta:

ip -br link

Za a ga sunan kowace kafa, halin da take ciki, da lambar MAC ɗinta. Idan kafofin sun kai biyu, kada a yi kirdado. Umarnin sudo ethtool -p enp2s0 15 yana sa fitilar kafar ta yi ta ƙiftawa tsawon daƙiƙa 15, sai a leƙa bayan na'ura a gani. Ba kowane kati ne ke amsa wannan ba; idan ya ƙi, a zare waya ɗaya a sake umarnin farko a ga wadda ta koma DOWN. Daga nan a karɓi lambar kati ta asali da sudo ethtool -P enp2s0, da babban harafi a wannan karon, a rubuta ta a takarda.

Sai a ƙirƙiri fayil ɗaya ga kowane kati a cikin /etc/systemd/network/, misali 10-lan0.link, a zuba masa wannan, a sa lambar da aka rubuta a madadin ta misali:

[Match]
PermanentMACAddress=00:11:22:33:44:55

[Link]
Name=lan0

Lambar da ke farkon sunan fayil ɗin ba ado ba ce. Ana karanta fayilolin bi da bi, kuma na farko da ya dace da kati shi kaɗai ake aiki da shi, saboda haka dole namu ya riga 99-default.link da tsarin ya zo da shi, a Debian kuma ya riga 73-usb-net-by-mac.link idan katin na USB ne. Wanda systemd ɗinsa bai kai fitowa ta 245 ba sai ya rubuta MACAddress= kawai a madadin PermanentMACAddress=.

A kan zaɓen suna ina da ra'ayi mai ƙarfi. A sa wa kafa sunan aikinta: lan0 ga wadda ke zuwa ɗakin kwamfutoci, wan0 ga wadda ke karɓo intanet daga waje. Yaron da aka bar wa shago ba zai san ma'anar enp3s0 ba, amma idan an rubuta wan0 da alƙalami a kan salatif a saman kafar, ko ta waya aka yi masa kwatance zai gane. Sunan kada ya wuce haruffa 15, kada a bar tazara a cikinsa, kuma a guji eth0 da ire-irensa, domin su ne Linux ke rabawa da kansa a farkon tashi, za a iya yin karo a kansu. Akwai masu ƙara net.ifnames=0 a cikin /etc/default/grub don dawo da tsofaffin sunaye; a na'ura mai kafa ɗaya ba laifi, amma a mai biyu an dawo da cutar da aka gudu ne.

Kafin a sake kunna na'ura, a nemo duk inda tsohon suna ya ɓuya, nan ne mutane suka fi faɗuwa. sudo grep -r enp2s0 /etc zai tono su: /etc/network/interfaces a Debian, fayilolin /etc/netplan a Ubuntu, dokokin katangar tsaro, da saitin manhajar da ke raba adireshin IP. A gyara su duka, a yi sudo update-initramfs -u domin sabon fayil ya shiga abin da ake lodawa a farkon tashi, sannan a sake kunnawa. A yi wannan ana zaune a gaban na'urar. Wanda ya yi shi daga Yauri ta SSH, hanyar sarrafa na'ura daga nesa, harafi ɗaya ya kuskure, sai ya hau mota. Bayan ta tashi, udevadm info /sys/class/net/lan0 zai nuna fayil ɗin da aka bi a layin ID_NET_LINK_FILE.

Fayil ɗin 10-lan0.link ne kuma gidan saitin jikin katin. Umarnin sudo ethtool lan0 yana nuna gudun da kafar ke yi. Idan kati da akwatin raba wayoyi duk masu 1000Mb/s ne amma aka ga 100Mb/s, a fara zargin waya, domin babban gudun yana bukatar duk zare takwas da ke cikinta, ƙaramin kuwa huɗu sun ishe shi, kan waya ɗaya da ba a matse da kyau ba ya isa ya jawo wannan faɗuwa. Ana iya tilasta gudu da BitsPerSecond=100M, Duplex=full da AutoNegotiation=no a ƙarƙashin [Link], amma ba na ba da shawarar haka sai in an saita ɗaya ɓangaren daidai da shi, in ba haka ba ɗaya ɓangaren zai koma aikawa da karɓa bi da bi, sadarwa ta yi ta tsinkewa ba a san dalili ba. MTUBytes, iyakar girman ƙunshin bayanai da kafa ke aikawa a tashi ɗaya, a bar shi a 1500 da ya zo da shi.

Saiti ɗaya da nake ƙarawa kusan kullum shi ne WakeOnLan=magic, mai ba da damar kunna kwamfuta ta wayar sadarwa, bayan an kunna shi a BIOS, wato saitin babban allo da ake shiga kafin Linux ya tashi. A cibiya mai kwamfuta da yawa, da zarar janareta ya tashi ana iya tayar da su daga saba (babbar kwamfutar cibiyar) ɗaya ba tare da bin su ana danna maɓalli ba. Ranar da tsawa ta sake cinye kati kuwa, sai a sa sabo, a karɓi lambarsa da ethtool -P, a canza layi ɗaya a 10-lan0.link, a sake update-initramfs -u, sauran saitin duk zai tarar da lan0 a inda ya bar shi.