Yadda manomi zai gwada waken da aka sauya wa ƙwayoyin halitta kafin ya yanke hukunci

Tun da aka amince da noman waken SAMPEA 20-T a Najeriya a 2019 ake ta cacar baki a kansa. Hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin sa ido kan irin waɗannan tsirrai, ta ce ba shi da illa ga mai ci, yayin da ƙungiyoyin kare muhalli irin su HOMEF ke neman a dakatar da shi a ƙara bincike. Batun lafiya sai ɗakin gwaje-gwaje, amma batun riba ko asara manomi zai iya auna shi da kansa cikin damina guda.

Da farko ya san abin da aka yi wa irin. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ne suka fitar da shi, kuma yana ɗauke da ƙwayar halittar wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt, wadda ke sa tsiron ya samar da sinadarin da ke kashe tsutsar Maruca mai cin fure da huda kwanso. Iyakar aikinsa ke nan. Darɓa da ƙwarin da ke tsotse kwanso ba su san da zamansa ba, haka ma ƙwarin da ke cinye wake a rumbu. Shi ya sa ake cewa feshi zai ragu daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu, ba wai a jingine famfon feshi gaba ɗaya ba.

Sannan ya sayi irin a ƙunshe daga dillalin da aka tantance, ba a mudu a bakin kasuwa ba, domin da ido ba a bambance shi da sauran farin wake.

Gwajin kansa shi ne inda ya kamata a natsu. A ware fili ɗan kaɗan a raba shi biyu daidai, a shuka sabon iri a gefe guda, wanda aka saba da shi a ɗaya gefen, a rana ɗaya, da taki iri ɗaya da noma iri ɗaya. A rubuta kuɗin iri, da yawan feshi, da ladan ƙwadago, kuma lokacin roro a auna kowane gefe daban. Barin tsohon iri a kusa yana da wani amfanin, domin idan duk gonakin yanki suka koma Bt, tsutsar da ta jure ita ce za ta hayayyafa, har sinadarin ya daina cin ta.

Kada lissafin ya tsaya a yawan buhuna. A duba harawa, wadda ga mai tumaki babban ɓangare ce na ribar wake, a kai wa masu ƙosai da alale su gwada, a kuma ji farashin da 'yan kasuwa za su taya. Burkina Faso ta bar noman audugar Bt a 2016, ba don ta kasa maganin tsutsa ba, sai don zarenta ya gajarce har darajarta ta faɗi a kasuwar duniya.

Game da ajiye iri, wake yana barbarar kansa, saboda haka abin da aka girbe zai sake tsirowa da halinsa. Masarar TELA kuwa, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayoyin halitta aka fitar a 2024, irin aure ce, wato haɗin iri daban-daban, kuma wanda ya shuka abin da ya girbe daga gare ta zai ga amfanin ya ragu, don haka sai ya sa kuɗin sabon iri na kowace shekara cikin lissafinsa.