Matakan Neman Kuɗin Aiki Daga Gwamnatin Jiha

Da farko, sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya auna aikin, ko hanya ce ko kwalbati ko ɗakin shan magani, ya fitar da ƙiyasin kuɗinsa dalla-dalla, domin ba kasafai ake kula buƙatar da ta zo babu lissafi ba.

Daga nan majalisar kansiloli ta zauna ta amince da aikin.

Sannan shugaban ƙaramar hukuma ya rubuta wa gwamna ta hannun Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi, haɗe da zane da ƙiyasi. Wajibi ne takardar ta isa tun kafin gwamna ya miƙa kasafin kuɗi ga Majalisar Dokokin Jiha, kuma a nemi ɗan majalisar mazaɓar ya bibiyi maganar har a saki kuɗin.