Yadda za ka samu a karɓi maƙalarka a taron ƙara wa juna sani, da yadda za ka gabatar da ita

Abin da nake so ɗalibai masu digiri na biyu da na uku su fara ganewa shi ne, ba a watan taro ake fara shirin taro ba. Ƙungiyar ASA ta masu nazarin Afirka, wadda aka kafa a Amurka a 1957, wajen Nuwamba take yin taronta, amma tun farko-farkon shekara take rufe karɓar tsakure, wato taƙaitaccen bayanin abin da maƙalarka ta ƙunsa. MLA ta masu harshe da adabi a Janairu take zama, ita ma watanni da yawa kafin nan an gama zaɓen masu magana. To in ka tsaya sai ka ga fosta tana yawo a WhatsApp, galibi an riga an rufe. Da sanyin safiya ake kama fara, ka riƙa leƙa shafin ƙungiyar da kanka, ka sa ranar rufewa a wayarka.

Yanzu tsakure, nan ne fa yawancin mutane ke faɗuwa, kuma wallahi abin yana damuna don sau da yawa aikin mai kyau ne, rubutun ne ya kashe shi. Yawanci kalmomi 250 zuwa 300 ake nema, kuma mai tantancewa yana da tulinsu a gabansa, ba shi da lokacin laluben inda ka ɓoye maganarka. Ka duba wannan: "Wannan maƙala za ta yi nazari kan tasirin kafafen sada zumunta ga adabi." Wace kafa? Wane adabi? Me ka gano? Ba a faɗi komai ba, mutum ɗari za su iya rubuta jimlar nan. Amma a ce ka rubuta cewa ka bi marubutan da ke sakin labari kashi-kashi a Facebook, ka lura suna yanke kowane kashi daidai inda mai karatu zai ƙagu, har ma suna sauya makomar tauraron labarin saboda abin da masu karatu suka ce, don haka kana ganin mai karatu ya zama abokin rubutu, to ka ga nan akwai magana, akwai abin da wani zai tashi ya ce bai yarda ba. Abin da kwamiti ke nema kenan. Hujja ɗaya tak, da kayan da ka yi aiki da su, da dalilin da ya sa ta dace da jigon taron na bana. Kar ka cinye rabin tsakure wajen kawo tarihin fannin, waɗanda za su karanta sun fi ka saninsa.

Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar taron na gaske ne. Akwai na bogi da yawa, za su turo maka imel cike da yabo suna kiranka babban masani, su karɓi tsakurenka cikin kwana biyu, taro ɗaya kuma ya haɗa likitanci da injiniyanci da waƙa duk a zaure guda. A 2019 wata kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS biyan sama da dala miliyan 50 kan yaudarar masu bincike ta mujallu da taruka. Ka duba sunayen 'yan kwamiti, ka nemi tsarin taron bara ka gani, ka tambayi malaminka ko ya san su.

In an karɓe ka, maganar kuɗi da biza nan take. Manyan ƙungiyoyi sukan ce sai ka zama mamba ka yi rajista kafin sunanka ya shiga jadawali, amma da yawansu suna da rangwamen ɗalibai da tallafin tafiya, shi ma da ranar rufewarsa daban. Bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ana iya nemanta tun saura wata 6, amsa takan fito cikin kwana 15 amma tana iya kaiwa 45, saboda haka ka nemi wasiƙar gayyata ranar da aka karɓe ka.

Sai gabatarwa. Minti 15 ko 20 za a ba ka, kuma minti 20 bai wuce kalmomi 2,500 ba in ana karantawa a natse. Babin kundinka ba zai shiga ba, kar ma ka gwada karanta shi da gudu, ba wanda zai fahimta. Ka sake rubutawa don kunne, jimloli gajeru, ka faɗi hujjarka a minti biyun farko, misali biyu ko uku sun isa amma ka tsaya a kansu sosai, in hoto ne ka bar shi a kan allo mutane su kalla, in baitin waƙa ne ka karanta shi yadda ya kamata a ji shi. Ka yi gwaji da ƙarfi da agogo a gabanka, ba a zuci ba. Kuma in shugaban zama ya ɗago takarda cewa saura minti biyu, to saura minti biyu ne, duk abin da ka ƙara daga lokacin na bayanka ka ɗiba, kuma wataƙila shi ma daga nesa ya taso kamar kai.

Masu zane da bidiyo da fasahar kwamfuta hanyarku ta ɗan bambanta. Wuri irin documenta, babban baje kolin fasaha na Kassel ta Jamus da ya faro a 1955, wanda ake yi duk shekara biyar tun daga 1972, masu tsara baje kolin ne ke gayyata, ba cike fom ake yi ba. Amma gasar Ars Electronica a Linz ta Ostiriya, bikin da ya faro a 1979, tana buɗe ƙofa a turo aiki, haka ma ISEA, taron fasahar kwamfuta na ƙasa da ƙasa da aka yi a Durban a 2018, Dak'Art ta Dakar kuma tana da ɓangaren OFF na nune-nunen da mutane ke shiryawa da kansu. A nan ɗan gajeren bidiyon da ke nuna aikin yana gudana shi ne tsakurenku, sai takardar buƙatu: girman ɗaki, ko sai da duhu, majigi nawa, lasifika, intanet, awa nawa za a ɗauka ana haɗawa. Ku tuna wutar Amurka bolt 120 ce, ta Turai 230, bakin soket ma ba ɗaya ba ne. Kowa dai, mai maƙala da mai baje koli, ya riƙe aikinsa a fulash, ya ajiye wani a imel, ya sauke bidiyonsa kar ya dogara da intanet ɗin zaure, ya kuma taho da mahaɗin HDMI nasa.

Lokacin tambayoyi ka riƙe biro ka rubuta abin da aka ce. In ba ka san amsa ba ka ce ba ka duba wannan ɓangaren ba tukuna, ka nemi mai tambayar bayan an tashi, sau da yawa shi ne zai nuna maka littafin da ka rasa. Ka karɓi imel ɗinsa, kuma cikin makon da ka koma ka tura masa maƙalar tun bai manta da fuskarka ba.